In'inar Yaya

A gidan nan kowa ya san idan Gwaggo tana falo ana taka-tsantsan da baki. Ka yi wata atishawa mai ban dariya yau, baɗi ka tsinci kanka a cikin littafi, an sauya maka suna an bar maka atishawarka. Marubuciya ce, kuma irin marubutan da ba sa wahalar da ƙafa wajen neman labari; abin da ya faɗo a tsakar ɗaki shi take tsinta. Inna, mahaifiyarta, takan ce da baƙi, "Ku yi hira a hankali, ga ɓarauniyar zance nan zaune." Gwaggo takan yi dariya, amma ba ta taɓa musantawa ba.

Su uku ne a gidan, a hawa na biyu na wani tsohon bene: Inna, da Gwaggo, da 'Yar Baba, ɗiyar marigayi Yaya. Sunan Gwaggo ma daga bakin yarinyar ya fito ya bi gida, har Inna da ta haife ta haka take kiranta.

Yaya mai gyaran fanka ne da dutsen guga. Zazzaɓi ya kwantar da shi 'yan kwanaki ya tafi da shi, lokacin 'Yar Baba tana rarrafe. Daga baya uwar yarinyar ta yi aure a wani gari, ta bar wa Inna ita don ta ɗebe mata kewa. A shekarar rasuwar ce Gwaggo ta rasa inda za ta kai baƙin cikinta, ta zauna ta rubuta littafi a kan yayanta, kuma wannan littafin ne ya yi mata suna.

A rubutun farko ta sa shi yadda Allah ya yi shi. Yaya mai in'ina ne, ba irin ta sama-sama ba, irin wadda mutum zai kama kalma ta ƙi fita har jijiyar wuyansa ta tashi, ya buga ƙafa a ƙasa kafin ta saki. Masu kawo gyara sukan ƙarasa masa magana don su taimaka, shi kuwa babu abin da ya tsana kamar wannan. Sai ya ajiye sukundireba ya zuba wa mutum ido, ya koma farkon kalmar ya sake hawa, ko da za a wuni.

Editan da ta kai wa rubutun wani dattijo ne mai jan biro, gilashinsa kullum a kan karan hanci. Ya karanta ya ce, "Malama, mutumin nan naki zai cinye mana takarda. Kowace kalma sai ya taune ta sau uku? Mai karatu zai gaji ya ajiye. Kuma bawan Allah ya riga mu gidan gaskiya, ki rufa masa asiri mana."

Ta ɗan yi gardama, ba mai yawa ba. Ta koma gida ta bi shafi-shafi tana goge in'inar, kuma maganar gaskiya daɗi ta ji. Tun suna yara take ganin yadda magana ke azabtar da shi, ga shi yau a hannunta ta sakar masa harshe. Da harshen ya saku kuwa sai ya ƙi tsayawa. Mutumin da sannu ma sai ya yi gumi kafin ya faɗa, a littafi ya zama mai sulhunta maƙwabta, mai yi wa matasan layi nasiha, wanda idan ya buɗe baki har masu wucewa ke rage tafiya. Da Yaya zai tashi ya karanta, da ya tambaya wane ne wannan mai surutun da aka ba shagonsa.

Inna idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, don haka karanta mata ake yi. Kullum da yamma bayan shayi sai ta ce a ɗauko mata ɗanta. An karanta, an sake, an kuma, har bangon ya yage aka liƙe da salatif. A kan wannan karatu 'Yar Baba ta tashi. Idan ta ƙi cin abinci a ce mata babanki ya ce kaza, idan ta yi faɗa a ce babanki ya ce kaza, kuma duk kazan nan daga kan Gwaggo ya fito.

Yarinyar ta yi jinkirin magana, da ta fara kuma sai ga in'ina. Ranar da Gwaggo ta fara jin ta, har da buga 'yar ƙafarta a kan siminti, saura kaɗan farantin hannunta ya suɓuce. Ta buɗe baki za ta ce sak Yaya, Inna ta harare ta.

"Kul! Kar in ji an ambata. Ambato ke zaunar da abu. Za ta daina."

Gwaggo ta ce a ranta idan yarinyar ta ƙara wayo za ta gaya mata. Wayo ya zo, in'ina ba ta tafi ba, Gwaggo kuma tana can tana fama da wani littafin, sai wani. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi a baki, ita kuwa tana ƙara ɗage ta zuwa baɗi.

'Yar Baba tana ajin farko na sakandare aka sa littafin cikin waɗanda za su karanta. Malamarsu mace ce mai kirki, kuma kirkin ne ya ja. Da ta ji 'yar mutumin da aka rubuta tana ajinta, sai ta ga babu karramawar da ta fi a tashe ta ta karanta maganar mahaifinta da bakinta. Yarinyar ta miƙe, ta kama kalmar farko, kalma ta ƙi. Ta buga ƙafa. Aji ya fashe da dariya, wata daga baya ta ce, "Ubanki magana kamar famfo, ke a ina aka samo ki?"

Malamar ce ta kira Gwaggo a waya ta ba ta labari tana ba da haƙuri, don 'Yar Baba ba ta faɗa ba. Ba ta faɗi komai ba ma. Tun ranar ta rufe bakinta. A tambaye ta ta gyaɗa kai ko ta girgiza, a aike ta kanti ta nuna abin da take so da yatsa. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi tsokana tana kiranta gunkin falo, duk a banza. Gidan ya yi tsit, har ƙarar firiji ake ji, Gwaggo kuma tsoro ya shige ta sosai, don ta ga yarinyar ta fara sabawa da shirun, har kamar ta sami hutu a cikinsa.

Wata ranar hutu da hantsi suna kicin, Gwaggo tana wanke kwanuka yarinyar tana ɗaurayewa, sai ta ji murya a gefenta ƙasa-ƙasa.

"Da Ba-ba-baba yana nan, da ya ji k-kunyata."

Gwaggo ta kashe famfo. Hannunta duk kumfa ta kama kafaɗun yarinyar.

"'Yar Baba, dube ni. Babanki in'ina gare shi. Ta fi taki ma. Har buga ƙafar nan, a wurinsa kika ɗauko. Ni ce na cire masa a littafi."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta. Wani abu ya ɗan motsa a idonta, sai ta zame jikinta ta nufi falo, Gwaggo ta bi ta. Inna tana kan kujerarta ta bakin taga tana tsince zare daga wani tsohon mayafi.

"Inna," in ji Gwaggo, "gaya wa yarinyar nan da bakinki. Yaya ba in'ina yake yi ba?"

"Wa? Ɗana?" Inna ta ajiye mayafin. "Allah ya kiyaye. Ke yau lafiyarki kuwa?"

"Inna, ke fa kike kai shi wurin masu magani yana yaro. Kin manta har makaranta ya bari saboda dariyar yara?"

"Makaranta ya bari saboda hannunsa na son ƙarfe. Mai in'ina ne zai tsaya gaban mai gidan haya ya yi masa maganar da ta sa mutumin ya fasa korar matar nan mai 'ya'ya? Ina tsaye a wurin, da kunnena na ji. Har mai gidan ya cire hula ya goge gumi."

Nan take Gwaggo ta gane labarin. Babu mai gidan haya, babu mata mai 'ya'ya, babu hula. A cikin bas ta ƙirƙiro su wata rana tana dawowa daga wurin edita, har ta wuce tasharta tana murna da hular. Kuma abin da ya fi tayar mata da hankali, Inna ba ƙarya take yi ba. Fuskarta fuskar mai tuna abin da ya gani ce.

"Inna, wannan ni na rubuta."

"To da wa zai rubuta? Ai abin da ya faru kika rubuta. Ni dai kar ki ɓata min yaro yana kwance a makwancinsa." Ta jawo jikarta jikinta. "Rabu da ita, ƙawata. Gwaggonki idan labari ya ƙare mata sai ta fara cin na gida."

Gwaggo ta shiga ɗaki ta kira uwar yarinyar. Can ɓangaren ana ta hayaniyar yara da ƙarar talabijin. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta, ta roƙe ta ta yi wa 'yarta magana.

"Kai, Gwaggo, shekara nawa yanzu? Yakan ɗan yi dai idan ransa ya ɓaci, ko? Ni wallahi abin da na riƙe shi ne mutumin ba ya magana. Sai ya wuni a gida ban ji muryarsa ba."

"Ai saboda in'inar ce yake shirun!"

"To, ke kika fi sani, ke kika tashi da shi. Ni dududu zamanmu nawa ne? In ce mata me, in ce ubanta ba ya magana? Ki bar ta da na littafin mana, ai ya fi daɗi. Ina zuwa, ƙaramin nan ya jawo tukunya."

Wayar ta katse. Gwaggo ta zauna a bakin gado tana lissafa wa ya rage. Editan ya rasu. Rubutun farko ya tafi da tsohuwar kwamfutarta da ta ƙone tun tuni. Yaya bai taɓa yarda a ɗauki muryarsa ba, waya ma idan ta yi ƙara miƙa wa na kusa yake yi. Hotuna kuwa akwai su jingim, kuma a kowanne bakinsa a rufe yake, yana murmushi kamar kowa.

Sai ta tuna da telan da shagonsa ke jikin na Yaya. Wannan kam ba zai manta ba, don shi ne sarkin tsokanarsa. Kullum sai ya leƙo ya kwaikwayi maganarsa, Yaya ya biyo shi da filaya, a yi dariya a sha shayi tare.

Washegari ta ce wa 'Yar Baba ta sa takalmi. Suka hau bas zuwa tsohon layin. Shagon Yaya ya zama na sayar da cajar waya, an lulluɓe ƙofar da fitilu masu walƙiya, amma telan yana nan kan kekensa, ya yi furfura, tef a wuya. Da ya gane su ya miƙe da sauri har almakashi ya faɗi.

"Ikon Allah! Wannan 'yar abokina ce? Kai, ga goshin nan, ga shi nan!" Ya share wa yarinyar benci da hannun rigarsa, ya aika a kawo lemo.

Gwaggo ba ta tsaya kwana-kwana ba. "Baba tela, so nake ka gaya mata yadda babanta yake magana."

"Magana? Zuma, 'yata, zuma. Mutum ne mai hikima. Ai na sa an karanta min littafin, komai haka yake."

"Ba wannan ba. In'inarsa nake nufi. Kai ne fa kake kwaikwayonsa kullum a bakin ƙofar nan."

Telan ya dubi Gwaggo, ya dubi yarinyar, kunya ta rufe shi har kunnensa. Ya gyara tef ɗin wuyansa da bai karkace ba.

"Ni? Haba Malama, ki ji tsoron Allah. A gaban 'yarsa? Mutumin da ke kabari zan zauna ina tona masa aibi?"

"Ba aibi ba ne! Don Allah ka faɗa, taimakonta za ka yi."

"Ni ban san wannan ba." Ya juya ga yarinyar ya sassauta murya. "'Yata, babanki ba shi da abin kushewa ko ɗaya. Ki riƙe wannan, duk wanda ya gaya miki wani abu daban ki toshe kunne."

Ya faɗa yana jin ya yi aikin lada, har idonsa ya kawo ruwa. Gwaggo ta rasa yadda za ta yi da shi. Da mugunta ya yi da ta san abin faɗa. Suka sha lemon, suka yi sallama, ya raka su har bakin titi yana sa wa yarinyar albarka.

Da suka iso gida hadari ya haɗo, Inna ta ce a kwashe shanya, suka fita baranda su biyu. Gwaggo tana cire kaya daga igiya tana miƙawa, yarinyar tana ninkewa a kwando.

"Gwaggo, ki b-bari haka," in ji 'Yar Baba. "Na san d-don ni kike yi."

"Wallahi ba ƙirƙira nake ba."

"Ai ƙi-ƙirƙira aikinki ne."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da tausayi ta faɗa, kamar babba yana rarrashin yaro, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Gwaggo ta tsaya da zanin gado a hannu. Shekara da shekaru tana alfahari cewa idan ta shirya ƙarya a takarda sai an rantse gaskiya ce, yau ga gaskiya tsirara a bakinta ta rasa mai saye.

Yarinyar ta ninke wata riga ta ajiye. Da ta ɗago, Gwaggo ta ga har yanzu akwai sauran kwaɗayin yarda a fuskarta, ɗan kaɗan.

"To ki yi min. Ki yi y-yadda yake magana. In ji."

Gwaggo ta ce to da sauri, har da murna. Wannan ai mai sauƙi ne. Muryar da ta tashi da ita a ɗaki ɗaya, muryar da ta sha aikenta, ta sha zaginta, ta sha kiranta cin abinci. Ta rufe ido ta nemo shi. Ga shi kuwa a shago, singileti duk baƙin mai, fanka a kwance a cinyarsa. Ga jijiyar wuyan ta tashi, ga leɓen yana rawa, ga ƙafar ta ɗaga. Ta kasa kunne. Babu sauti. Ta buɗe baki ko zai zo da kansa, sai ga magana ta zubo sumul, doguwa, mai daɗi, a kan haƙuri da zaman duniya.

"Wannan na li-littafi ne," in ji yarinyar. "Na haddace shi."

"Tsaya, tsaya, yanzu zan yi."

Ta sake rufe ido. A wane harafi yake maƙalewa? A farkon kalma ne kawai ko har tsakiya? Maimaitawa yake yi ko ja? Ta san ta sani. Da hannunta ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta goge, ai dole ta san abin da ta goge. Zufa ta karyo mata duk da iskar hadari. Ta zaɓi magana mafi sauƙi, wadda ya faɗa mata ba adadi, ta ɗaure wuya, ta buga ƙafa a siminti.

"K-ke, mi-mi-miƙo min filaya."

Ta buɗe ido. Fuskar 'Yar Baba ta sauya, ɗan hasken nan ya mutu, leɓenta na ƙasa yana rawa.

"Wannan ai n-ni kike kwaikwaya."

"A'a! Wallahi shi ne, haka yake..."

Gwaggo ba ta ƙarasa ba, don ita kanta ba ta da tabbas. Shekarun nan duka in'ina ɗaya ce ke shiga kunnenta safe da yamma, kuma ba ta Yaya ba ce. Ta so ta sake rantsuwa, ta ji ba za ta iya ba.

Yarinyar ta sunkuya ta ɗauki kwandon, ta shige ciki. Yayyafi ya fara sauka a kan sauran kayan da ke igiya. Gwaggo ta tsaya a wurin tana ta maimaita maganar filayar a hankali, ta ja nan, ta maƙale can, tana saurare ko za ta ji wadda za ta ce wannan ce tasa. Duk wadda ta gwada, muryar yarinyar take ji.